Yadda za a shawo kan iyaye a bakin filin ƙwallon yara

Na daɗe ina taimaka wa wata ƙungiyar ƙwallon yara da ke tsakanin unguwannin Nima da Mamobi a Accra, irin waɗanda muke kira kolts. Ni ba koci ba ne. Aikina rubuta sunaye, tara kuɗin tirotiro, wato motar haya, idan za mu wasa a waje, sayen piya wata, sai kuma shiga tsakanin iyaye da rafali idan hankali ya tashi. Wannan na ƙarshen shi ya fi cin raina. Yaro ɗan shekara 12 za a kayar da shi a filin sakora, wato mara ciyawa, gwiwa ta ɗaye, ya miƙe ya kakkaɓe ƙura ya ci gaba da gudu. Ubansa kuwa, da furfurarsa a gemu, yana can bakin layi yana ambaton uwar rafali. Wata Asabar na ga wani yaronmu ya tsaya cak a tsakiyar fili, ƙwallo ta wuce ta gabansa ko ƙafa bai ɗaga ba, ya ƙura wa mahaifinsa ido ana rirriƙe shi. Daga ranar muka zauna muka shirya abin da zan zayyana a nan, kuma kusan duk aikin ana yin sa ne tun kafin a hura usur.

Da farko ka san abin da ke ƙona uban

Uban da ke ihu a bakin fili ba mahaukaci ba ne. Lissafi yake yi. Ya san Mohammed Kudus a nan Nima aka haife shi a shekarar 2000, a ƙungiyar Strong Tower ya fara, ya tafi makarantar ƙwallo ta Right to Dream, daga can Denmark, sai Ajax a 2020, West Ham a 2023, Tottenham a 2025. Dattawa kuma suna da nasu: Mohammed Polo, da Abdul Razak na Kumasi wanda ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1978. To mutumin da ke zaune da iyalinsa a ɗaki ɗaya, ya ga ɗansa yana iya yanka, me kake so ya hango in ban da gida da kujerar Makka? Duk sanda rafali ya hana ƙwallon ɗansa, ko koci ya ajiye shi a benci, ji yake an zare masa abinci daga baki.

Saboda haka kada ka fara da wa'azi a kan ladabi. Fara da maganar da ta dame shi. Gaya masa cewa dokar FIFA ta hana a sayar da yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, in ban da wasu 'yan togaciya, don haka babu wasan Asabar guda da zai kai ɗan shekara 12 Turai ko ya hana shi zuwa. Ka ce ya ƙirga yaran layinsu da suka taɓa sa jesi, sannan ya ƙirga waɗanda ƙwallo ta ciyar. Sannan ka ƙara masa da abin da ya fi shiga kunne: mai neman 'yan wasa idan ya zo fili, yana kallon yaro, yana kuma kallon wanda ya kawo shi. Babu mai son ɗaukar yaron da za a haɗa masa da rigima. A ganina wannan maganar ita kaɗai ta fi huɗuba goma tasiri a wurin wasu iyayen.

Taron farkon kaka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako biyu kafin a fara gasa, kira iyaye. Kada a yi taron a fili, don fili wurin hayaniya ne, kowa a tsaye, rabin hankali yana kan ƙwallo. Nemi ajin makarantar Islamiyya ko rumfar ƙofar masallaci, ranar Lahadi bayan La'asar. Saƙon WhatsApp kaɗai ba ya kawo mutane. A ba kowane yaro saƙo ya kai gida, sannan kai da kanka ka taka zuwa gidajen mutum uku ko huɗu da ka san su ne masu zafi. Wanda aka je har ƙofar gidansa aka gayyata yana jin nauyin ƙin zuwa.

Mutum uku nake so su zauna a gaba: limamin unguwa, mai unguwa ko wakilinsa, da magajiya, wato shugabar matan unguwa. Dalili shi ne koci sau da yawa saurayi ne ɗan shekara ashirin da wani abu, ba zai iya kallon Alhaji ya ce masa ya yi shiru ba. Amma in an yanke magana a gaban liman, ta zama ta jama'a, koci tunatarwa kawai zai yi. Kuma kada a manta da iyaye mata. Su ne ke wanke jesi, su ne ke fitar da sidi biyar ɗin mota daga cinikin koko da ƙosai, kuma na ga uwa ta kashe wutar da maza biyar suka kasa kashewa da kalma ɗaya: "Malam, ɗanka na kallonka."

A wurin taron koci ya faɗi tsarinsa tun da wuri, musamman maganar wa zai buga. A nan rigima ta fi tsirowa. Mu abin da muka tsayar a rukunin ƙanana shi ne duk yaron da ya zo atisaye cikin mako zai taɓa ƙwallo ranar wasa, ko da minti goma sha biyar ne, kuma wanda ya tsere wa makaranta ba zai buga ba ko shi ne Polo. A kuma faɗa a fili cewa gudummawa ba ta sayen gurbi. Wanda ya saya wa ƙungiya jesi, Allah ya saka masa, amma ɗansa zai zauna a benci kamar ɗan kowa. In ba a faɗi wannan a gaban mutane ba, za a faɗe shi wata rana cikin fushi.

Daga nan a rubuta yarjejeniya. Kada ta wuce shafi ɗaya, Hausa a sama, Turanci a ƙasa saboda iyayen da ba sa jin Hausa sosai, don Zongo ta tara kowa. Tamu ta ƙunshi cewa babu zagin rafali, babu zagin ɗan wani ko ɗan kai, babu shiga fili sai rafali ya kira, babu ba yaro umarni daga bakin layi, babu caca a kan wasan yara, kuma ƙorafi sai washegari. A karanta da ƙarfi, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Hukunci ma a yanke shi a ranar, tun babu wanda ya yi laifi: karo na farko magana a keɓe, na biyu hutun wasa ɗaya, na uku sai an zauna da mai unguwa. Abu ɗaya da na dage a kansa shi ne kada laifin uba ya faɗa kan yaro. Uba ne zai zauna a gida, yaron ya zo ya buga ƙwallonsa.

Koya musu dokar da suke faɗa a kanta

Rabin ihun da ake yi a bakin fili jahilcin doka ne, sai dai ba a faɗa wa dattijo haka. Gayyato rafali mai lasisi ya zo taron, a ba shi minti ashirin da ƙwallo ɗaya da yara huɗu, ya nuna a aikace. Satar gida ita ce uwar rigima. Mutane da yawa ba su san babu satar gida idan an karɓi ƙwallo kai tsaye daga jifa, ko kwana, ko bugun gola daga ƙasa bayan ta fita ba. Ba su san wanda yake cikin rabin filinsu ba ya satar gida ba, haka wanda ya yi daidai da mai tsaron baya na ƙarshe, kuma ana duba inda yaro yake ne a lokacin da aka buga masa ƙwallo, ba lokacin da ta iso shi ba. Rafalin ya bayyana musu cewa ba kowace taɓa hannu ce laifi ba, kuma wani lokaci rafali yana ganin keta ya bar wasa ya ci gaba don wanda aka yi wa ketar ne ke da riba. Dokoki ma suna canzawa: daga 2025, gola da ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 8 kwana ake ba abokan hamayya. Uban da ya tsaya a dokar zamanin samartakarsa zai rantse an cuce shi.

Sai kuma a gaya musu wane ne rafalin. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Ghana tana da shirin Catch Them Young, wanda ke horar da yara matasa aikin alƙalanci, kuma irinsu ake turowa wasannin yara. Ke nan wanda kake zagi mai yiwuwa sa'an babban ɗanka ne, yana koyo kamar yadda naka ke koyo, babu na'urar maimaita hoto, wani lokaci ko masu ɗaga tuta babu. Ɗa na kowa ne, har da wanda ya riƙe usur. Zai yi kuskure, tabbas. Ɗanka ma ya zubar da fenariti makon jiya babu wanda ya bi shi da dutse.

Ranar wasa: igiya, benci, da mai tsaron layi

A zo fili da wuri da igiya doguwa da 'yan turaku. A ja ta kamar taku uku daga layin gefe, iyayen duka ƙungiyoyi biyu su tsaya bayanta a gefe guda, koci-koci da 'yan benci a ɗaya gefen. A Ingila hukumar ƙwallonsu ta fara wani kamfe na girmama juna a 2008, kuma irin wannan shingen yana cikin abin da suka kawo wasannin yara. Igiya ba ta tare kowa, amma mutum yana jin kunyar ɗaga ƙafa ya tsallake ta a gaban jama'a, kuma wannan daƙiƙar ta tunani ita ake nema. A filayen roba irin na Madina ko Fadama shingen waya ya riga ya yi wannan aikin, sai dai a kula da ƙofa. Bayan raga kuwa kada a bar kowa. Gola ɗan shekara 11 da ƙattai ke hura masa wuta a ƙeya ba zai kama komai ba.

A aro benci biyu daga makaranta saboda dattawa da mata. Wanda ke zaune bai cika zabura ba. Ruwa a kawo na leda, kwalba ta zauna a gida, a kuma tsince duwatsun gefen fili kafin a fara.

Sannan a naɗa mai tsaron layi daga cikin iyaye, a ba shi riga mai launi da kowa zai gane. Ga dabarar da ta fi yi mana aiki: a ba wanda ya fi kowa baki. Mutumin da aka ɗora wa amanar hana ihu yana jin kunyar a ji muryarsa, kuma masu zafi irinsa sun fi jin maganarsa fiye da ta mai sanyi. Kafin a take wasa, shi da takwaransa na ɗaya ƙungiyar su je tare su gaisa da rafali, su ce masa in wani abu ya taso daga waje su zai kira.

Ba su abin faɗa

In ka ce wa mutum kada ya yi ihu ba ka ba shi madadi ba, zai koma ga abin da ya saba. Ihu ba laifi ba ne, ƙwallo ba zaman makoki ba ce. Bambancin yana tsakanin kirari da umarni. "Da kyau!", "Sannu da ƙoƙari!", "Tashi, ba komai!", duk waɗannan a yi su har murya ta dushe. "Buga!", "Ba shi!", "Koma baya!", "Karya shi!" kuwa ba na iyaye ba ne. Yaro yana da daƙiƙa ɗaya ya yanke shawara, koci ya ce ya riƙe gefe, uba na cewa ya shigo tsakiya, kawu na cewa ya buga daga nan. Wa zai bi? A gidajenmu an koya masa ba a ƙetare maganar uba, don haka zai saɓa wa koci, a ci su, a kuma zage shi.

A roƙi kowane uba ya yaba wa yaro ɗaya da ba nasa ba a kowane wasa, kuma in ɗan ɗaya ƙungiyar ya yi abin burgewa a tafa masa. Da farko abin yana yi wa mutane banbaraƙwai. Amma iyayen can gefen suna ji, kuma da wuya ka zagi ɗan wanda ya tafa wa naka.

Sau ɗaya a kaka a gwada wasan shiru, wato tafi kawai, babu magana. A Ingila sun ware ƙarshen mako guda don haka a wasannin yara a 2022. Mu rabin lokaci kawai muka iya, don shirun minti sittin a Nima sai a ɗauka an yi rasuwa. Ko a hakan, iyaye sun ji abin da ba su taɓa ji ba: muryar 'ya'yansu suna kiran juna, suna shirya kansu.

Idan wuta ta kama duk da haka

Za ta kama. Mai tsaron layi ya tafi shi kaɗai, kada a yi wa mutum taron dangi. Ya tsaya a gefensa, ba a gabansa ba, ya yi ƙasa da murya, ya fara da ba shi gaskiyarsa: "Alhaji, na gani, ni ma ban gamsu da hukuncin nan ba. Zo mu ɗan zauna, yaron yana waiwayen ka." Kada a ce masa ya yi kuskure a lokacin, kada a tuna masa takardar da ya sa wa hannu a gaban mutane. A miƙa masa ruwa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, ya kuma ce mai ƙarfi shi ne wanda ya mallaki kansa lokacin fushi. Kowa ya san wannan, amma daga bakin sa'ansa ko wanda ya girme shi zai karɓa, ba daga bakin koci ba. In mace ce, a bar wa magajiya ko wata uwa.

In ya ƙi, rafali yana da ikon dakatar da wasa, har ya tashe shi gaba ɗaya, saboda katsalandan daga waje. Ku gaya masa tun farko kuna bayansa in ya yi haka. Koci ma ya san tun 2019 ana ba masu horarwa katin gargaɗi da jan kati, don haka shi ne na farko da zai kama bakinsa. Iyaye daga gare shi suke ɗaukar karatu. Kuma duk yadda aka tashi, mutum biyu su raka rafali har ya hau mota.

Wani zai ce ai wasan yara ne, me ya yi zafi. Mu a Accra ba ma buƙatar a ba mu labari. Ranar Laraba 9 ga Mayu 2001, Hearts of Oak ta zura wa Asante Kotoko ƙwallo biyu a ƙarshen wasa aka tashi 2 da 1, 'yan kallo suka fara jifa da kujeru da kwalabe, aka harba barkonon tsohuwa, mutane suka ruga ƙofofi, fiye da mutum 120 suka rasu, da yawansu 'yan Zongo. A Fabrairun 2025 ma an kashe wani magoyin bayan Kotoko da wuƙa a Nsoatre, har aka dakatar da gasar ƙasa. Masu jifa a babban fili ba a ranar suka koya ba. Wani yana ɗan shekara 10 ya ga babba ya yi, babu wanda ya ce masa kul.

Abubuwan da ba a so a faɗa

Caca ta shigo wasan yara. Samarin bes, wato majalisar hirar samari, suna ɗora kuɗi a kan wasan 'yan shekara 13, wani lokaci har da iyaye, kuma wanda ya sa sidi hamsin ba ya kallon yara, kuɗinsa yake kallo. Duk wanda aka sani da wannan a nisanta shi da igiya, a kai maganarsa ga shugaban bes ɗinsu. Alƙawarin kuɗi ga yaro a kan kowace ƙwallo da ya ci shi ma a bar shi, don yana koya masa rowar ƙwallo.

Sai rage shekaru. Uban da ya yarda a mayar da ɗan shekara 16 ɗan 13 ya koya wa ɗansa ƙarya da hannunsa, ya kuma sa ƙato cikin ƙanana ya ji musu ciwo. Tun 2009 FIFA ke amfani da hoton ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da 17, don haka ƙaryar tana da ranar tonuwa. A nemi takardar haihuwa da ta makaranta tun ranar rajista. Maganar zuba wani abu a raga ko hana baƙi shiga ta wata ƙofa kuwa, wannan na bar wa liman, ya fi ni sanin yadda zai faɗe ta.

Bayan usur na ƙarshe

Yara su yi layi su gaisa, iyaye ma su tsallaka su gaisa da iyayen baƙi. In mu ne masu masauki muna ba baƙi ruwa kafin mu ba namu, ko sun ci mu ko mun ci su. Gasar Kofin Ramadan da ake yi da sunan Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, don haɗa kan unguwannin Zongo aka kafa ta, kuma yaran nan su ne za su buga ta nan da shekara goma. Gara su san juna da gaisuwa. A ƙarshen kaka, in ana raba kyauta, a ware guda ga uba ko uwar da yara da kansu suka zaɓa. Ko darduma ce ta isa.

Mai ƙorafi ya kwana da shi. Washegari ya sami koci shi kaɗai, ba a gaban yaro ba, ba kuma a dandalin WhatsApp na iyaye ba, inda saƙon murya ɗaya ke zama arba'in kafin Isha'i. Tambayar da za a yi ita ce me yaron zai gyara, ba don me aka sa ɗan wane ba.

Saura hanyar gida, wadda babu igiya babu mai tsaron layi. Nan ne yara da yawa ke tsanar ƙwallo, a bayan babur ko cikin tirotiro, uba yana lissafa musu kurakurai tun daga fili har ƙofar gida. Yaron ya san ya zubar da ƙwallon, ya fi ka sani. Abin da nake roƙon iyayenmu shi ne a bar maganar wasa sai in shi ya ɗauko ta. In ya ɗauko, ka tambaye shi wane wuri ya fi masa daɗi, ka saurara. In bai ɗauko ba, ka duba gwiwar da ta ɗaye, ka ce masa ka ji daɗin ganin sa yana wasa, ku tsaya wurin mai wake da shinkafa ka sa a ƙara masa ƙwai.